Ƙararrawar gas ta cikin mota: wacce ta cancanci kuɗinka, wacce za ka bari a kanti

A Amurka da Turai akwai motocin da ake ƙera su da gado, bayi da wurin girki, iyali su ɗauka su tafi yawon buɗe ido. A nan Bauchi da Gombe irinsu na asali ba su da yawa, amma abin da ke cikinsu ya riga ya iso mana ta wata hanya. Ana cire kujerun bas ƙirar Hiace a sa katifa da murhun gas don tafiya Yankari a kwana biyu kusa da ruwan Wikki. Masu sayar da abinci sun fara mayar da motoci shagon suya da indomi. Kamfanonin titi suna ajiye wa ma'aikata akwatunan kwana masu taya a bakin aiki. Direbobin tirela da ke jiran lodin siminti a Ashaka kuwa, da yawansu na da 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6 a bayan kujera. Duk inda aka haɗa tukunyar gas da wurin kwana a cikin ƙarfe rufaffe, maganar ƙararrawar gas, wato na'urar da ke kuka idan gas ya yi yoyo, ta taso, kuma ita ce muka zauna mu duba muku yau.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne: wadda aka yi don mota, mai aiki da batir 12V, ita kaɗai ce za mu ce a saya. Sauran nau'i biyun da suka fi yawa a kantunan kayan wuta, ta soket da mai batirin tocila, suna da amfaninsu a gida, amma a mota suna ba mutum kwanciyar hankalin da bai kamata ya samu ba.

Kafin a fahimci dalili sai an san halin gas ɗin kansa. Abin da muke girki da shi gauraye ne na furofen da butan. Furofen ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, butan kuma kusan ninki biyu. Don haka idan ya yi yoyo ba ya tashi sama ya fita ta taga kamar hayaƙi. Gangarawa yake yi kamar ruwa, ya kwanta a daɓen mota, ya shiga ƙarƙashin gado, ya cika ramin matakalar ƙofa. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Mu ɗauki bas mai daɓe murabba'in mita 5. Iskar da ke tsakanin daɓen da tsayin santimita 20 ba ta wuce lita 1,000 ba, kashi 2 nata lita 20 ne, kuma gas mai nauyin giram 40 zuwa 50 kacal ke ba da wannan. Kan murhu ɗaya da iska ta hure wutarsa aka bar shi a buɗe yana fitar da kusan giram 150 a awa. Ka ga ke nan ba maganar dare guda ake yi ba, abin da bai kai rabin awa ba ya isa ƙasan mota ya zama haɗari, alhali mutumin da ke zaune a kujerar gaba bai ji komai ba tukuna.

Masu cewa "ai hancina ya ishe ni" suna da rabin gaskiya. Gas ɗin ba shi da wari a asalinsa, wani sinadari ake zuba masa mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai don a riƙa ganewa. Sai dai hanci yana sabawa da wari bayan 'yan mintuna, mai mura a lokacin hunturu ba ya ji sosai, wanda ya yi barci kuwa wari ba ya tada shi. Wannan giɓin ne ƙararrawa take toshewa.

Ta mota, mai 12V

Wadda aka fi sani a wannan fanni ita ce Safe-T-Alert ta kamfanin MTI Industries na Amurka, kuma takan zo a maƙale cikin motocin kwana da ake shigowa da su daga can. Akwai wadda ke jin gas kawai, akwai mai jin gas da hayaƙin CO (kabon monoksaid, iska mai guba da ƙuna ke fitarwa) a haɗe. Na Turai ma akwai, siffarsu kusan ɗaya. 'Yar akwati ce ta roba da ba ta fi tafin hannu ba, wayoyi biyu ne a bayanta, ja da baƙi, a fuskarta kuma akwai ramukan shan iska, fitila 'yar ƙarama da maɓallin gwaji. Kore na nufin tana aiki, ja tare da kuka na nufin ta ji gas. Ƙararta ta kai desibel 85, wato a cikin bas babu mai barcin da zai wuce ta.

Hancinta wani ɗan ƙarfe ne da ake dumama shi da wuta koyaushe. Idan gas ya taɓa shi, yadda lantarki ke ratsa shi sai ya sauya, na'urar ta gane ta yi kuka. An saita ta ta yi ƙara tun gas bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na adadin da zai iya kamawa da wuta ba. Wannan tazarar ita ce abin da kake saya da kuɗinka: lokacin da za ka tashi, ka rufe tukunya, ka fitar da yara.

Abin da ya raba ta da ta gida shi ne juriya. Motar da aka ajiye a rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40, cikinta na iya haura digiri 60. Yawancin ƙararrawar gida an yi su ne don zafin da bai wuce 40 ko 50 ba. Sannan ga girgiza. Duk wanda ya bi hanyar Dindima zuwa Mainamaji ko ya shiga ƙauyukan Alkaleri ya san abin da rami ke yi wa duk wani abu da aka ɗaure da sukuru. Ta mota an gwada ta a kan zafi, sanyi da jijjiga. Shaidar hakan tana rubuce a bayanta ko a kwalinta: ka nemi lambar ingancin kaya UL 1484 tare da alamar cewa ta motar kwana ce idan daga Amurka ta zo, ko EN 50194-2 idan ta Turai ce. Ka lura da wannan 2 ɗin na ƙarshe, domin EN 50194-1 na gida ne. Mai kanti zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Yanzu aibunta, don tana da su. Na farko, tana shan batir dare da rana saboda dumama hancin nan. Ba ta ja da yawa, tsakanin miliyam 50 zuwa 100 ne ko ɗan sama, amma a yi lissafi da 100: awa 24 ya ba da 2.4Ah (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke riƙewa), mako biyu ya ba da kusan 34Ah. Batirin bas mai 75Ah da aka bari mako biyu ba a tayar ba ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma da wuya ya murza injin. Nan ne mutane ke yin kuskuren cire mata waya, su manta ba su mayar ba. Maganin shi ne a haɗa ta da batir na biyu idan motar na da shi, ko a sa ƙaramin faifan sola, ko kuma idan za a ajiye motar a fitar da tukunyar gaba ɗaya sannan a cire kan batir.

Na biyu, tana mutuwa. Hancin yana tsufa ko an yi amfani da shi ko ba a yi sosai ba. Shekara 5 ne wa'adin yawancinsu, wasu 7. Masu kyau suna yin wani ɗan kuka na daban lokaci zuwa lokaci idan wa'adin ya cika, kuma ba a gyara su, sauyawa ake yi. Wannan ya sa muke jan kunne sosai a kan na hannu. Motar kwana da aka shigo da ita tana da shekara 12 a duniya, ƙararrawar da ke cikinta ado ce kawai ko da fitilarta na nuna kore. A kwance ta a duba ranar ƙira a bayanta. Sabuwa ma a duba, domin wadda ta shekara uku ajiye a kanti a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ba daidai take da wadda aka ƙera bara ba. In babu ranar ƙira ko kaɗan, ka mayar wa mai kaya abinsa.

Na uku, kukan da ba na gas ba. Hancin ba ya bambance gas ɗin girki da danginsa. Maganin sauro na feshi, ai butan da furofen ne ke tura shi daga gwangwani, don haka ana fesawa za ta yi ihu. Turaren fesawa mai barasa, tiririn fetur daga jarka, gam ɗin manne kafet, sabon fenti, har iskar da batir ke fitarwa idan ana cajinsa fiye da kima, duk suna tada ta. Uwargida ta turara mota da turaren wuta, hayaƙin da maiƙonsa su kwanta a kan hancin su rage masa ji. Silikon da ake toshe gefen gilashi da shi ya fi duka illa, domin tiririnsa na iya dushe hancin har abada. Idan za a yi fenti ko aikin silikon, a cire ta a ajiye a leda har motar ta sha iska. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan, sai a riƙa share su da busasshen burushi mai laushi duk mako a wannan lokacin. Kada a wanke ta da ruwa ko a fesa mata komai.

Duk da waɗannan, ta fi ƙarfin kuɗinta. Tana da tsada ninki da yawa a kan ta soket, kuma sau da yawa sai an yi odarta daga Kano, Abuja ko Legas.

Ta soket da mai batirin tocila

Wadda ta cika kasuwa ita ce fara mai ƙafafu da ake cusawa a soket ɗin 220V, wasu har da allon lamba da muryar mace. A kicin ɗin gida mai wuta tsayayya, idan soket ɗin na ƙasa, ba laifi. A mota sai da inbata, kuma inbata shi ne abin farko da ake kashewa da dare don a tsimi batir, wato daidai lokacin da ake buƙatarta. Ƙafafunta na zamewa daga soket idan an shiga gargada. Da yawansu babu ranar ƙira, babu sunan kamfani, takardar cikinsu kuma tana cewa suna jin kowane irin gas ba tare da ta faɗi inda za a maƙala su ba.

Zagayayyar nan mai batir AA ko 9V kuwa, a duba ta da kyau. Kusan koyaushe ta hayaƙin gobara ce ko ta CO, ba ta gas ɗin girki ba. Hancin da ake dumamawa zai shanye batirin tocila cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a cika samun ta gas mai irin wannan batir ba. Mutum zai iya buɗe tukunya a gabanta ta yi shiru, kuma ba lalacewa ta yi ba, ba aikinta ba ne.

Inda ake maƙala ta da yadda ake haɗa wayar

A nan ne aiki ya fi ɓaci, kuma yawanci ba laifin na'urar ba ne. Mai wayarin mota ya saba ganin ƙararrawa a silin, sai ya kai ta can. A silin, kafin gas ya iso ta motar ta riga ta cika. Wurinta ƙasa ne, tsakanin santimita 10 zuwa 30 daga daɓe, a bango tsaye, cikin ɓangaren da ake girki ko kwana. A bar tazarar kusan mita ɗaya daga murhu don tururi da mai kada su riƙa buge ta. Kada a sa ta daf da ƙofa ko gaban fanka inda iska za ta kore gas ɗin, kada a ɓoye ta a bayan labule, katifa ko buhun kaya, kada kuma a sa ta a akwatin batir.

Jan waya ya tafi kan batir mai alamar tarawa ta hanyar fis na amp 1, a sa fis ɗin kusa da batirin. Baƙin waya ya tafi jikin mota a wurin da aka kankare fenti, a ɗaure da noti. Kada a ɗauko mata wuta daga layin rediyo ko wani layi da ke mutuwa idan an zare makulli, in ba haka ba tana aiki ana tafiya, tana barci ana barci. Kada a sa mata makunni. Mahaɗar waya a matse ta da kan waya na ƙarfe ko a yi mata dalma, murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgiza, kuma waya mai kwance a ƙasan mota ita kanta tushen tartsatsi ce.

Malam direban tirela, ga taka. DAF, MAN da Howo wutarsu 24V ce. Ka haɗa mai 12V kai tsaye, ta ƙone nan take. A sa mata na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. Ɗauko wuta daga batir ɗaya cikin biyun dabara ce da aka saba yi, amma tana sa ɗayan ya riga ɗan'uwansa mutuwa.

Wani abu da ya kamata a sani tunda tun bayan cire tallafin fetur a 2023 ana ta mayar da motoci masu amfani da CNG, gas ɗin da injin mota ke sha maimakon fetur: shi wannan gas ɗin ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Ƙararrawar da ke ƙasa don tukunyar girki ba za ta tsare ka daga yoyon CNG ba. Motar da ke da duka biyun tana buƙatar guda biyu, ɗaya ƙasa ɗaya kusa da rufi.

Haka ma CO, hayaƙin da ba shi da launi ba shi da wari, wanda ke fitowa daga janareta, salansar mota, gawayi, ko murhun da wutarsa ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi. Shi ba fashewa yake jawowa ba, ciwon kai da jiri yake sawa, mutum ya yi barci ya zarce. Mai haɗe biyun tana kama shi, amma mun fi son a ƙara ta CO daban mai lamba EN 50291-2 ko UL 2034 kusa da inda kai ke kwanciya. Janareta ya zauna nesa da mota, bakin salansarsa na kallon wani gefen. Kaskon gawayi a cikin mota rufaffiya saboda sanyin Disamba, wannan kam babu na'urar da za ta sa mu yarda da shi.

Gwaji, da abin yi in ta yi kuka

Idan aka ba ta wuta takan ɗauki 'yan mintuna tana dumama kafin ta fara ji. A danna maɓallin gwaji duk mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Sai dai maɓallin yana tabbatar da ƙara da wayoyi ne, bai cika tabbatar da hancin ba. Idan takardar na'urar ta yarda, a ɗauki laita mai gas, a danna ba tare da an kunna wuta ba, a riƙe ta kusa da ramukan na 'yan daƙiƙu. In ta yi kuka, hancin na da rai. Kada a daɗe ana tura mata, yawan gas kai tsaye yana gajiyar da shi.

In ta yi kuka da gaske, a fara da rufe tukunya da kashe duk wata wuta. Kowa ya fita, a bar ƙofofi a buɗe, na gefe da na baya, domin taga kaɗai ba ta fitar da abin da ke kwance a ƙasa. Kada a tayar da inji, kada a taɓa makunnin fitila ko fanka, kunnawa ko kashewa, kada a kunna ashana don a "duba". A fitar da tukunyar zuwa fili nesa da kwata da rami. In yoyon ya ƙi tsayawa a nisanta jama'a a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.

Bayan iska ta wanke motar sai a nemi inda yake fita, da ruwan sabulu mai kumfa da soso. A shafa a bakin tukunya, jikin regileta, kan tiyo biyu da maɓallan murhu. Inda kumfa ke hurowa nan ne. A mota wurare uku ne suka fi yoyo. 'Yar robar da ke cikin bakin tukunya tana bushewa ta tsage, kuma sauya ta ba ya cin komai. Regiletar da ake dannawa ta kama tana sassautawa idan tukunya na rawa, don haka tukunya ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta da bel biyu, sama da ƙasa, ba a kwantar da ita. Sai tiyo, wanda ke goguwa da gefen ƙarfe har ya huje. A yi amfani da tiyon gas na ainihi mai rubutu da shekara a jikinsa, a matse kowane kai da kilif mai sukuru, ba wayar ɗauri ko robar taya ba, kada tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi. Masu ƙera shi sukan ba shi shekara 5, amma a zafinmu da zarar ya taurare ko ya fara tsattsagewa idan an lanƙwasa, a sauya.

Akwai kuma cika tukunya fiye da kima, wanda wasu ke ɗauka alheri ne mai gas ya yi musu. Ana barin kusan kashi 20 cikin 100 na tukunya babu ruwa ne da gangan, saboda ruwan gas yana kumbura da zafi. Tukunyar da aka cika maƙil da sanyin safiya aka rufe a mota har azahar za ta nemi inda za ta fitar da abin da ya yi mata yawa. A auna ta a sikeli: nauyin tukunya babu komai yana rubuce a wuyanta, a tara da kilo 12.5 ko 6 gwargwadon girmanta, kada ya wuce haka. A duba shekarar ƙirarta ma, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunya shekara 15.

Motocin kwana na asali suna ajiye tukunya a akwati na daban da ba ya buɗewa zuwa ciki, mai rami a ƙasansa don gas ya zube waje. Kowane mai walda a Bauchi zai iya ƙera irinsa da ƙarfe, a huda masa rami a daɓe nesa da salansa, a sa roba a bakin murfin. Wanda ya yi wannan, ya sa ƙararrawa mai 12V a ƙasa, yana kuma rufe tukunya kafin tafiya, kafin shiga gidan mai da kafin barci, ya rufe manyan ƙofofin haɗarin. Ranar da aka maƙala ta, a ɗauki maka a rubuta wata da shekarar da za a sauya ta a fuskarta, inda ido zai riƙa gani, domin ranar ƙira tana baya ne, bango ya rufe ta.